Kunnen Baba Juli a Bayan Dutse

Sai da kar ɗinmu, babbar motar fasinja, ta hau gadar Malanbil sannan na yarda da gaske na bar ƙasarmu. Na leƙa ta taga na ga kogin Kwara a shimfiɗe, ruwa iya ganinka, kwale-kwale na ta kai da komo, sai murna ta cika ni har na kasa zama daidai. Akwatin aikina yana kan cinyata tun daga Damagaram, don na rantse ba mai ɗora mini shi bisa mota tare da buhunan albasa. Dattijon da ke kusa da ni ya gaji da gwiwar hannuna a haƙarƙarinsa, ya ce, "Samari, zinariya ce a ciki?" Na ce masa a'a, Baba, na'ura ce mai auna ƙarfin muryar rediyo. Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya gyara hularsa ya ci gaba da gyangyaɗi.

Sunana Ari, ɗan Gure, kuma aikina shi ne wanda mai sauraro ba ya gani. Wasu su zauna su yi magana a situdiyo, ni kuma in tabbatar maganar ta shiga emeter, wato injin da ke tura ta, ta hau pilon, doguwar hasumiyar ƙarfen nan, ta fita ta antan ɗin da ke can ƙololuwa, ta isa kunnen makiyayi a bayan tudu. Na yi shekaru ina wannan aiki a rediyon karkara na garinmu. Na ci yashi a cikin emeter, na ci zafin ƙarfen pilon a tafin hannu, na kori ƙadangaru daga cikin wayoyi ba adadi. Ba yabon kai ba, idan rediyon ya yi shiru ba a neman direkta, ni ake nema.

A wani sitaj na ƙaro ilimi da aka tura mu Yamai na haɗu da Madam Afi. 'Yar Togo ce, ita ke shugabantar rediyon wata ƙungiyar manoman koko da kofi a Palime. Ta ba mu labarin damuwarta: yawancin mambobinsu suna wani gari da ake kira Wodome, a bayan dutse, kuma ko tari aka yi a rediyon ba sa ji. Masana biyu sun zo daga birni, kowanne ya ce sai an gina wani pilon a kan dutsen, abin da ƙungiyar ba ta da ƙarfinsa. Ni kuwa bakina bai iya zama a rufe ba. Na ce mata mu ma muna da duwatsu wajen Kelle, kuma na tsallakar da murya bayansu ba tare da na sayi ko ƙusa ba. Bayan wata biyu sai ga kiranta a salula. Ta ce majalisar ƙungiyar za ta zauna a Wodome ƙarshen wata. Idan ranar suka kunna rediyo suka ji, aikin nawa ne, kuma akwai wasu rediyoyin da ke jiran su ga sakamako. Idan ba su ji ba, za su rufe gidan su sayar da kayan.

Direktanmu ya ce in na tafi kada in sa ran kujerata za ta jira ni. Na ce masa ai dama ban taɓa zama a kanta ba, kullum ina saman pilon. Na sayar da bijimin da nake kiwo na sayi na'urar awon nan a hannun wani tsohon injiniya. Da ita nake shirin zama mai ba gidajen rediyo shawara, mai cin gashin kansa, ba wanda za a dinga aikawa sayen fetur ɗin gurup, injin ba da wuta, ba.

Daga Malanbil zuwa Faraku ƙasa ta yi ta sake kama a idona. Ciyawa ta fi ni tsawo, itatuwa sun haɗe kai, ruwan sama na zuba kamar ba a san darajarsa ba. Mu da muke fita addu'ar roƙonsa, ga shi nan mutane na tsaki don ya jiƙa musu kaya. A tashar Faraku na rasa abin da zan ci, don duk abin da na nuna sai in ga manja na yawo a kai. Wata mata mai goyo da muka taho tare ta lura da ni, ta ɓare dafaffiyar doya ta yayyafa mata gishiri da barkono ta miƙo mini. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci, ni ba na jin nata. Na ci, na ɗaga mata hannu biyu, ta yi dariya ta ƙara mini. A nan ne na fara kewar furar uwar 'ya'yana, Hadiza, har na kira ta ba don ina da abin faɗa ba.

A Kwatano na ga teku, na tsaya na buɗe baki kamar ɗan ƙauye, kuma ɗan ƙauyen ne. Masu kabu-kabu sun fi fara yawa, kowa da rigarsa ruwan ɗorawa. Na hau ɗaya rungume da akwatina, ya dinga kutsawa tsakanin manyan motoci ina karanta duk abin da na haddace. Da ya sauke ni a tashar motocin Lome na ji kamar in ce ya sake zagayawa da ni.

A iyakar Benin da Togo aka yi mini wankin babban bargo. Mun sauka kowa ya kama layi da takardunsa, sai wani mutum ya nufo ni, tsaf da shi, riga a goge, wani kati na lilo a wuyansa. Ya gaishe ni da Faransanci mai daɗi, ya tambayi abin da ke cikin akwatin. Ni da nake neman wanda zan yi wa bayani tun daga Malanbil, na buɗe na shiga zuba. Ya saurara, har da kaɗa kai.

"Injiniya," in ji shi, "irin wannan na'ura ba ta ƙetare iyaka sai an buga mata hatimi. Idan ka bi layin nan za su riƙe ta mako guda. Zo in taimake ka."

Kalmar injiniya ce ta kashe ni, don ba wanda ya taɓa kirana da ita. Na bi shi zuwa wani ɗan ɗaki a gefen masu canjin kuɗi. Ya karɓi na'urar da hannu biyu, ya ce in jira a bakin ƙofa. Na jira. Da jiran ya yi yawa na tura ƙofar, sai na ga ɗakin ba kowa, tsintsiya ce kawai da bokiti, ga wata ƙofa a buɗe tana kallon kasuwa. Jami'an gaskiya da na kai wa kuka suka ce ba su san shi ba, kuma ba hatimin da ake buga wa irin wannan kaya. Ɗaya daga cikinsu ya tausaya mini ya sayo mini ruwan sanyi. Na zauna a kan akwatin da ya rage filaya da sukudireba da dalma a ciki. Bijimina ya tafi a hannun mai goggar riga.

Na yi tunanin juyawa. Abin da ya hana ni shi ne fuskar direkta idan ya gan ni na dawo. Na hau motar Lome, daga can na kama ta Palime.

Ko da na sauka na ɗaga kai na ga dutsen, sai na ji kunyar abin da na faɗa a Yamai. Duwatsunmu na Kelle 'ya'yansa ne. Wannan kansa na cikin gajimare, jikinsa duk daji ne kore shar, kuma jiƙaƙƙen ganye shan muryar rediyo yake yi. Madam Afi ta tarbe ni da fara'a, na gaya mata abin da ya faru a iyaka ban rage komai ba. Ta ce, "Mushe Ari, na riga na gaya wa majalisa kana zuwa. Ba ni da wani bayan kai." Ta ba ni ɗaki a bayan situdiyo da makullin ɗakin emeter.

Kwana biyu ina yawo a kan kabu-kabu ina kallon ƙasar, kuma a rana ta biyu na ga abin da ya sa na kusa faɗowa don murna. Can gefe, inda kwarin ya buɗe, akwai wani dutse daban mai faffaɗar fuska, tsirara ba itace ko ɗaya, yana kallon Palime ta nan, yana kallon Wodome ta can. Abin da na yi a Kelle ke nan: ba ka faɗa da dutsen da ya tare ka, sai ka jefa muryar a jikin wani ta dawo ta sauka inda kake so, kamar yadda ake haska ɗaki da madubi. Sai dai aikin na son daidaito. Ka juya antan ɗin da faɗin yatsa biyu, murya ta sauka a daji wajen birai. Da na'urata na nan, da na zauna a Wodome ina duba allura ana juyawa. Yanzu dole ni in hau pilon, wani ya zama kunnena a can.

Madam ta haɗa ni da sakataren ƙungiyar a Wodome, mutumin kirki. Na tattara antan ɗin duka suka kalli dutsen nan mai tsirara, na ɗaure, na sauko ƙasa da su kaɗan, na kaɗa wa mai kula da situdiyo ƙyalle ya kunna emeter. Na kira sakatare. Ya ce, "Da kyau sosai, Mushe, sannu da ƙoƙari." Na yi mamaki, daga juyi ɗaya? Na sake hawa na juya wani gefen. Ya ce da kyau sosai. Sai zargi ya shige ni, na sa aka kashe emeter ɗin ɗungurum na kira shi. Ya ce, "Ya ɗan ragu kaɗan, amma da kyau."

Na gwada wani malamin lakwal, wato makarantar boko, na gwada matar mai kantin magani, duk haka. Mutanen nan ba maƙaryata ba ne. Tarbiyyarsu ce ba ta yarda a ce wa baƙon da ya taho daga nesa, yana rataye a sama saboda su, aikinsa bai yi ba. Kirkinsu ya kusa kashe ni. A Gure in ka tambayi mutum yaya yake jin rediyo, sai ya gaya maka har da abin da ba ka tambaya ba.

Da wannan takaici na je shan shayi bakin tasha, inda na samu Isufu, ɗan Gamu, mai teburin shayi da burodi. Ranar da na fara jin ya ce "wushe", gaisuwar mutanenmu, na kusa rungume shi. Na zayyana masa halin da nake ciki, yana ta dariya yana fifita gawayi.

"Malam Ari, kai Babarbare ne ko?"

Na ce Manga ne ni gaba da baya, reshen Barebari ke nan.

"To ka samu magani. Akwai wani tsoho a Wodome, Baba Juli, Bafulatanin Bune. Shi ke kawo wa mahautan can shanu, ya fi shekara ashirin bai je gida ba. Wallahi ko aljanna ka gina masa sai ya ce ƙofar ta karkace."

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane abin da ya sa na ajiye kofin na tashi tsaye ba. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun na kakanni. Bafulatani ba ya yabon Babarbare, ko da sarki ne, kuma Babarbare ba shi da ikon yin fushi. Duk ƙasar Togo ba a samu mutum ɗaya da zai faɗa mini aibin aikina ba, ga wanda al'ada ta ɗora wa wannan aiki yana zaune a daidai inda nake bukata.

Isufu ya kira shi ya miƙo mini salula. Na yi sallama da ladabi, na ce Baba ni ne Ari daga Gure.

"Ari? Sunan bayina ne wannan. Wa ya sake ka har ka zo nan?"

Na ce Baba yunwa ce ta koro ku daga Bune, mu kuwa aiki aka kira mu. Ya yi wata dariya mai haɗe da tari, ya ce yana da rediyo, kuma zai saurara don kawai ya ji yadda Babarbare zai kunyata.

Saura abin da zai saurara. Shirye-shiryen gidan da harshen Ewe ake yi, shi kuma ya ce in ba Hausa ba ce ba zai bambance magana da ƙara ba. Madam ta ba ni izinin amfani da lokacin da gidan ke hutawa bayan azahar. Na shiga situdiyo in ɗauki muryata, karo na farko a rayuwata ina gaban makirufo maimakon bayansa, na rasa abin cewa. Sai kawai na kama hanyar Gure zuwa Bune na bi ta da baki. Na faɗi yadda mota ke nutsewa a yashi fasinja su sauko su tura, da tuddan da in ka hau sai ka hango kwari kore a ƙasa, dabino da goriba da rake, da farin kanwa a bakin tafki. Na faɗi warin hayaƙin masu dafa gishirin manda, da matan da ke tare mota da ƙwaryar nono ranar kasuwa. Ban san na yi kewar gida haka ba sai da na ji muryata na rawa.

Aka shiga aiki. In hau, in juya, in ɗaure, in sauko ƙasa kaɗan, in kaɗa ƙyalle, in kira.

"Baba, yaya?"

"Ana suyar gyaɗa. Kai kuma kana cikin rijiya."

In sake juyawa.

"Yanzu ka fito daga rijiyar, amma iska na kwashe ka."

In ƙara faɗin yatsa.

"Ka lalata. Koma inda kake, wawan Manga. Hagu ko dama ban sani ba, na ɗazu ya fi."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na kwanakin nan ba. Allurar na'ura lamba kawai take nunawa, shi kuwa tsohon nan har ya san bambancin ƙarar da ruwan sama ke kawowa da wadda juyina ya jawo. Ruwa ya dake ni a saman pilon, cinnaku suka cije ni, tafin hannuna ya sale, amma kullum da safe ina farkawa da ɗokin hawa. Muna matsowa kaɗan-kaɗan, sai dai ba mu kai ba. Kullum ƙorafinsa ɗaya: muryar na zuwa ta tafi, kuma daidai inda mota ta hau tudun ƙarshe sai shuu ta cinye ni.

Ranar zaman majalisa ta zo muna nan. Madam ta wuce Wodome tun da safe da rediyonta a jaka, ta bar mini gidan in ci gaba da gwaji har su zauna, ni kuwa ban iya haɗa ido da ita ba. Da hantsi za su zauna. Ina saman pilon ina kallon dutsen nan mai tsirara, sai na lura rabinsa na ƙasa dajin da ke gabansa ya rufe shi, saman ne kawai ke fili. Duk kwanakin nan hagu da dama nake juyawa, ban taɓa ɗaga kan antan ɗin ba. Na kwance ƙusoshin sama, na cusa 'yan ƙarafa biyu a ƙarƙashi ya ɗan ɗaga kai, na ɗaure, na sauko, na kaɗa ƙyalle. Na kira.

Ya ɗauka. Na jira zagi, shiru. Gabana ya faɗi, na ɗauka na ɓata har ɗan abin da muka samu.

"Baba Juli? Kana ji na? Yaya take?"

"Yi mini shiru," in ji shi, "ina sauraron rediyo."

Ta cikin salular na jiyo muryata, tas, tana sauka tudun ƙarshe tana shiga kasuwar Bune. Na rungume ƙarfen pilon da hannu biyu, ina dariya hawaye na zuba. Na yi wa mai situdiyo ihu ya cire ni ya sa shirin gidan.

Ba a jima ba Madam ta kira. Ban ji rabin abin da take faɗa ba saboda hayaniya da tafi a bayanta, ga kiɗan tasharsu na tashi daga rediyon da ke kan tebur. Abin da na tsinta shi ne gidan ba zai rufu ba, kuma shugaban wata ƙungiya daga Atakpame yana son lambata. Sakataren nan ma ya karɓi salular ya ce da kyau sosai, wannan karon na yarda da shi.

Da la'asar ina zaune a teburin Isufu, ya ƙi karɓar kuɗin shayi, sai ga kiran tsohon.

"Kai Babarbare, ashe ko hanyar gida ba ka sani ba. Kafin tudun ƙarshe akwai rijiya a gindin gawo, ka tsallake ta. A nan nake shayar da shanun babana."

Na ce Baba a yi haƙuri, rijiyar Fulani ce, ban ga abin faɗa a kanta ba.

"Kuma wa ya ce ku cire? Ina shiga kasuwa kuka sa mini kiɗa. Ban ji ƙarshen ba."

Na koma na roƙi Madam 'yan mintoci, ta ce in ɗauka. Na shiga situdiyo, na kira tsohon, na ajiye salular a kan tebur ban kashe ba, na kunna makirufo. Wannan karon ban sa abin da na ɗauka ba, da bakina na sake bin hanyar tun daga tashar Gure. Da na zo gindin gawon na tsaya, na sa guga a rijiyar, na shayar da shanun ɗaya bayan ɗaya, sannan na hau tudun na gangara kasuwa har rumfar masu nono. Da na gama na ɗauki salular. Yana nan bai kashe ba, ina jin numfashinsa.

"Baba, yaya take?"

Ya gyara murya.

"Ba laifi," in ji shi.